Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙera Kariyar Ɗaukar Kayak a Bayan A-kori-kura

Duk wanda ya sayi kayak, ranar farko yake gane cewa akwai jan aiki tsakanin ƙofar gidansa da bakin ruwa. Jirgin dogo ne, bayan motar gajere. Kamfanoni irin su Thule da Yakima suna sayar da kariya ta musamman, wato firam ɗin ɗora kaya a saman mota, amma kuɗinta kan kai ɗaruruwan daloli, shi ya sa a Amurka da Kanada da Ostireliya, inda wannan wasa ya karɓu, mutane da yawa ke ƙera tasu a gareji. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu gwargwadon yadda na fahimci aikin.

Mene ne kayak ɗin ma tukuna, kuma nawa ne nauyinsa?

Ƙaramin jirgin ruwa ne siriri, na mutum ɗaya ko biyu, ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu. Asalinsa na mutanen Inuwit ne da maƙwabtansu na can ƙuryar arewacin duniya, waɗanda ke ɗinka fatar dabbar ruwa a kan firam na itace ko ƙashi su fita farauta. Na yanzu yawanci na roba ne mai kauri da ake zubawa a maƙera, salon da ya bazu tun daga shekarun 1970. Akwai kuma na faiba, wanda ya fi sauƙin ɗauka amma ya fi saurin tsagewa.

Na shaƙatawa kan yi mita 3 zuwa 3.7, nauyinsa wajen kilo 20. Na doguwar tafiya a teku kan kai mita 5 ko fiye. Na kamun kifi shi ne ƙaton cikinsu: faɗi gare shi, ga kujera, ga ma'ajiyai, kuma ba abin mamaki ba ne ya haura kilo 40. Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, ka auna naka da tef, ka kuma ɗora shi a sikeli. Duk lissafin da ke tafe daga waɗannan lambobi biyu yake fitowa.

Ba zan iya sauke ƙyauren baya kawai in zura shi a bodi ba?

Za ka iya, idan jirgin gajere ne kuma tafiyar ba nisa. Amma duba lissafin. Bodin Hilux mai ƙofa huɗu kusan mita ɗaya da rabi ne. Idan ka sauke ƙyaure ya kai wajen mita 2. Kayak mai mita 3.7 zai bar maka kusan rabinsa yana reto a iska. Kowane rami ka faɗa, wutsiyar ce ke lilo, kuma duk nauyin yana karyewa ne a bakin ƙyauren. Mai Hilux mai ƙofa biyu, ko babbar motar Amurka mai bodi ƙafa 8, ya fi samun sauƙi.

Akwai wani ƙarfe mai siffar harafin T da ake zurawa a ramin jan tirela, ya tallabi wutsiyar jirgin daga baya. Yana aiki, kuma ƙera shi ba wuya. Aibinsa shi ne motar ta ƙara tsawo sosai, kuma jirgin ya cinye bodi gaba ɗaya. Babu wurin kula, babu wurin jakunkuna. Kariya ta sama tana bar maka bodin fayau.

Da katako zan yi ko da ƙarfe?

Ya danganta da inda kake da abin da hannunka ya iya.

A Amurka katako ya fi yawa a irin wannan aiki, saboda tu-bai-fo yana da arha, an busar da shi, kuma awonsa ɗaya ne ko'ina: inci 1.5 da inci 3.5, duk da sunan da ake kiran sa. Ga kuma manyan motocinsu irin Ford F-150 da Chevrolet Silverado suna da ramuka a saman gefen bodi da aka yi domin kafa sanduna. Mutum ya ɗan feƙe ƙarshen katakon ya zura, ya ɗaure da noti, shi ke nan. Da zarto da injin huda ana gama aikin a yini ɗaya. Sai dai a kula da abu biyu. Kada a haɗa gaɓoɓin da ƙusa ko siraran sukurori; girgiza tana zare ƙusa, tana kuma karya sukuru. Noti mai ratsawa, da washa a kowane gefe, shi ne daidai. Na biyu, katakon da aka jiƙa da maganin ruɓewa yana cin ƙarfe, don haka notin ya zama mai rufin zinki mai kauri ko wanda ba ya tsatsa.

A ƙasar Hausa kuwa ban ga dalilin wahalar da kai da katako ba. Katakon kasuwa sau da yawa ɗanye ne, ya sha rana da hunturu ya kanannaɗe, notin da ka ɗaure tamau a damina ya zama yana wasa a watan Janairu. Masu walda kuma ga su a kowace unguwa, sun saba ƙera kariyar motocin kaya. Fayif mai kusurwa huɗu, milimita 40 kowane gefe, kaurin jikinsa milimita 2, ya ishe kayak biyu har da ragowa. Mita ɗaya na irinsa bai cika kilo biyu da rabi ba. Tsayi biyu na kasuwa, da ɗan siririn fayif na tokara, da ƙarfe mai kwana na ƙasa, sun gama kariyar da nauyinta zai tsaya wajen kilo 30 zuwa 35. Abin lura ɗaya: a je da ma'aunin kauri wurin saye, domin abin da ake kira milimita 2 a baki ba koyaushe yake cika ba.

Alminiyam kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ƙarfe kuma ba ya tsatsa, abin so ne ga mai zuwa ruwan gishiri kamar na Legas. Amma waldarsa na buƙatar inji na daban da hannu na daban, kuma wurin da aka yi waldar yana raunana. Idan ba ka da gwani, ka haɗa shi da noti da faranti, ko ka haƙura da shi.

Na ga wasu sun yi da fayif ɗin ruwa na roba. Yaya?

Don jingine jirgi a gida, ko keken jan shi zuwa bakin ruwa, babu laifi. A kan titi kuwa a'a. Rana tana busar da shi ya yi gautsi, kuma ba ya lanƙwashewa ya ba ka gargaɗi. Tarwatsewa yake yi lokaci ɗaya.

Kayak biyu kilo 60 ne kacal. Me ya sa ake ta maganar ƙarfi?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a tsaya a kanta, domin a nan yawancin masu ƙerawa ke yin kuskure. Mutum zai gama kariya, ya hau ya yi tsalle a kai, ya ga ba ta motsa ba, ya ce ta yi. To ai nauyin da ke dannawa ƙasa shi ne mafi sauƙin abin da za ta gamu da shi. Ko kujerar zaure tana ɗaukar kilo 60.

Abin da ke karya kariya burki ne. Ƙa'idar ɗaure kaya ta manyan motoci a Amurka, da takwararta ta Turai, sun ce ɗauri ya iya riƙe kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya idan ya yunƙura gaba, da kashi 50 idan ya yunƙura gefe ko baya. An rubuta ta ne don motocin haya, amma akuyar da ta tsallako titi ba ta tambayar ko motar ta haya ce. Kashi 80 na kilo 60 shi ne kilo 48, yana tura saman kariyar gaba a tsayin kamar santimita 60 daga bakin bodi. Yanzu ka ɗauka ginshiƙan suna tsaye ne kowanne a kan ɗan faranti mai tsawon santimita 12. Tsayin ya ninka farantin sau biyar, saboda haka ƙarfin da ke fizgar notocin ƙasa ya zama kilo 240, ana kuma fizgarsa ne daga siririn kwanon bodi. Kamar yadda ake zare ƙusa da ƙotar hama ke nan: dogon hannu, gajeren baki. Idan kuwa ginshiƙin gaba da na baya suna zaune a kan dogon ƙarfe guda mai tsawon santimita 150, kuma an tokare su, ƙarfin ya sauko ƙasa da kilo 20. Ƙarfe ɗaya ne, jirgi ɗaya ne, burki ɗaya ne. Bambancin yana ga yadda aka shimfiɗa ƙafar.

Sai iska. Turin iska yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kansa: idan ka tashi daga kilomita 60 a awa zuwa 120, turin ya ninka sau huɗu. Gaban jirgin da ya leƙo saman gilashi yana kama iskar da ke hawowa daga bonet, tana ɗaga shi sama. Tirela ta wuce ka a guje, ta ƙara masa mari daga gefe. Don haka kariyar na buƙatar riƙo a ƙasa kamar yadda take buƙatar ƙarfi a sama. Wadda aka ajiye kawai a ramukan bodi ba a ɗaure ba, iska na iya cire ta da jirgin gaba ɗaya.

Maganin duka biyun kusurwa uku ne. Firam mai kusurwa huɗu, komai kaurin ƙarfensa, yana son karkacewa kamar tsohon gadon ƙarfe. Ka gitta masa sanda ɗaya daga ƙasan wannan ginshiƙi zuwa saman wancan, ya daskare. Kowane gefe na motar ya samu tokara mai hana tafiya gaba da baya, sannan kowace kwana inda ginshiƙi ya haɗu da sandar sama ta samu ɗan guntun tokara ko faranti mai hana lilo hagu da dama. Siririn fayif mai tokara ya fi kakkauran da ba shi da ita, ya kuma fi shi sauƙi.

Wane awo zan bi?

Tsayi: ka ɗora miƙaƙƙen katako a kan rufin gidan direba, ka auna daga shi zuwa bakin bodi, ka ƙara santimita 8 zuwa 10. Ƙarin ya zama dole, domin jirgin na lanƙwasa, kuma idan ka kife shi bakinsa da kujerarsa na iya saukowa su goge fenti. Kada kuma ka wuce haka da yawa. Hilux kanta ta kai wajen mita 1.8, ka ƙara kariya da jirgi, ka ga ƙofar gareji ko rumfar gidan mai ta zama abin tunani. Ka auna jimillar tsayin ka rubuta a takarda ka manna a gaban sitiyari. Masu dariyar wannan shawara su ne ke fara buga jirgi a ƙofar gidansu.

Faɗi: ka haɗa faɗin jiragen, ka ƙara tafin hannu a tsakiya da kowane gefe don wurin ɗauri. Na kamun kifi biyu, kowanne santimita 85, sun riga sun kai mita 1.7, motar kuma faɗinta wajen 1.85 ne. Kada sandar ta zarce jikin mota yadda za ta ɗebi kan mai babur. Idan ba su shiga a kwance ba, a tsayar da su a gefe.

Tazara tsakanin sandar gaba da ta baya: iya abin da bodi ya ba ka. A nan a-kori-kura ta fi ƙaramar mota, domin a rufin ƙaramar mota da ƙyar ake samun santimita 70 zuwa 80, kai kuwa kana da kusan 140. Ga jirgi mai mita 3.7, abin da zai rage a kowane ƙarshe bai wuce mita 1.2 ba. Ga mai mita 5, gara a miƙa firam ɗin sama ya leƙa kan gidan direba da kamar santimita 60 zuwa 80, a tokare shi daga ginshiƙan gaba, don a samu damar tura jirgin gaba wutsiyar ta ragu.

Dole ne sai na huda bodin motata?

Ba dole ba ne, amma huda ita ce mafi aminci. Idan za ka huda, ka yi amfani da noti mai kaurin milimita 10, wanda aka buga 8.8 a kansa, ka sa faranti a ƙarƙashin kwanon don ya raba ƙarfin, ka shafa fenti a bakin ramin kafin ka ɗaure. Abin da ake murzawa a ƙarshen notin kuma, ka nemi mai zoben roba a ciki, wanda girgiza ba ta kwance shi. Ka leƙa ƙasa kafin ka huda. Wayoyin fitilar baya da bututun zuba mai suna bi ta wajen.

Wanda ba ya son huda, sai ya shimfiɗa ƙarfe mai kwana a tsawon bakin bodi, ya kama shi da maƙalai masu lanƙwasa ta ƙarƙashin leɓen, aƙalla uku a kowane gefe, da yankin roba a tsakani. Irin wannan na buƙatar a riƙa duba shi, domin maƙali na iya zamewa. Wata hanyar ita ce kariyar ta tsaya da ƙafafunta a kan daɓen bodi, a ja ta ƙasa zuwa zobban ɗaure kaya na motar. Ta fi sauƙin cirewa, amma tana cin wuri.

Motoci ba ɗaya suke ba a nan. Jikin Ford F-150 tun daga samfurin 2015 na alminiyam ne, kuma idan ƙarfe ya manne da alminiyam ga danshi, alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Dole a raba su da roba. Cikin bodin Toyota Tacoma tun 2005 ba kwano ba ne, wani haɗin roba ne mai tauri, don haka a can ana kama kariya ne a layin dogon da kamfani ya sa. Littafin motarka ya fi ni sanin abin da bakin bodinta zai ɗauka.

Me zai hana in kafa sanda ɗaya a rufin gidan direba, ɗaya a bodi?

A yawancin a-kori-kura, gidan direba daban ne bodi daban, kowanne na zaune a kan shasi da kansa. Ka tsaya bayan Hilux tana hawa gefen kwata a karkace, za ka ga bodi ya murɗa wani gefe, kan motar ya murɗa wani. Idan ka haɗa su da ƙarfe guda mai tauri, wani abu zai ba da kai: walda, ko rufi, ko noti. Saboda haka firam ɗaya kada ya taɓa kama duka biyun.

Sanda a rufi da wata daban a bodi, jirgin ne kaɗai ya haɗa su, wannan ana yi. Na roba yana jure murɗawar a kan kwalta. Na faiba a hanyar gargada kuwa ba zan yarda ba.

Me zan faɗa wa mai walda?

Ka je da motar, da jirgin idan zai yiwu, da zane ko na biro ne. Idan ka ce masa kawai, "Maigida, kariya nake so," zai yi maka irin ta masu ɗaukar rodi da buhuna, mai nauyin da sai mutum huɗu sun sauke ta. Ka gaya masa kayan ba nauyi gare su ba, tsawo ne da kama iska. Ka roƙe shi ya ɗiga waldar a kan motar don awo ya zauna, sannan a sauke a ƙarasa a ƙasa. Tartsatsi na ƙona fenti da gilashi. In har za a kunna inji a jikin mota, a cire kan batir tukuna. Kada a like kariyar da bodi da walda, ko ya ce ya fi ƙarfi. Wata rana za ka so ɗaukar firij.

Waldar ta zagaye gaɓa gaba ɗaya, ba ɗigo huɗu a rufe da fenti ba. A toshe bakin kowane fayif don ruwa kada ya kwanta a ciki, a goge duk wani kaifi da zai yanke ɗauri, a kuma lika ƙananan zobba a ƙarshen sandunan sama don bel kada ya zame ya fita. Idan fayif mai rufin zinki ne, a kankare rufin a wurin waldar, a yi aikin a fili. Hayaƙinsa na sa zazzaɓi da ciwon jiki. Bayan nan jan fenti na hana tsatsa, sannan na ado.

A kife zan ɗora jirgin ko a zaune?

Na roba a kan sanda miƙaƙƙiya, a kife. Bakinsa ya fi cikinsa tauri. Robar kayak tana laushi da zafi, kuma idan ka zaunar da shi a kan cikinsa ka ɗaure a ranar da ta haura digiri 40, za ka sauke shi da loɓa biyu daidai inda sanduna suka taɓa. Sau da yawa loɓar na komawa idan aka kife shi a rana na wasu awanni, amma jirgi mai loɓa ba ya tafiya miƙe a ruwa. Kifewar na da wani amfani: ruwan sama ba ya taruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma ruwan Agusta na awa guda na iya zuba wa buɗaɗɗen jirgi nauyin da ya fi nasa, yana kai da komo a saman kanka duk sanda ka taka burki.

Tsayar da shi a gefensa ma daidai ne, domin gefen na da ƙarfi, kuma haka ake jera uku ko huɗu: a kafa sanda a tsaye a tsakiyar kowace sandar gicciye, a jingina su. Sai dai iskar gefe ta fi kama su. Na faiba ya fi son mazauni mai siffar cikinsa.

Sandar kuma a naɗe ta. Soson da ake rufe bututun na'urar sanyaya ɗaki yana yi, sai dai rana na cinye shi cikin 'yan watanni. Tsohon tiyo mai kauri da aka tsaga, ko yankin tub na taya, sun fi daɗewa. Kafet na riƙe yashi, yashi kuma na gurzar jirgi.

Wane irin ɗauri ya fi?

Bel mai faɗin inci ɗaya, mai maƙalin da ake ja da hannu ya cije. Biyu ga kowane jirgi, kowanne ya bi ta ƙarƙashin sanda, ya haye jirgin, ya sake bi ta ƙarƙashin sandar a ɗaya gefen, dab da jikin jirgin. Kada a haɗa jirage biyu da bel ɗaya. Ɗaya ya motsa, duka sun saki.

Bel mai kurkura, wanda ake ta lanƙwasa hannunsa yana ƙara matsewa, an yi shi ne don katako da injuna. Ba ka jin iyakar ƙarfin da kake sawa, har sai ka ji ƙas. Idan shi kaɗai gare ka, ka tsaya da zarar jirgin ya daina motsi. Igiya mai kyau a hannun wanda ya iya ƙullin direbobin manyan motoci ita ma ta isa. Robar tub kuwa, wadda muke ɗaure komai da ita a bayan babur, ba ta da gurbi a nan: tana miƙewa daidai lokacin da ake so ta riƙe.

Gwajin shi ne ka kama hancin jirgin ka girgiza da ƙarfi. Motar ce ya kamata ta yi rawa tare da shi.

Igiyar gaba da ta baya fa, ba ƙari ba ne kawai?

Ita ce ke riƙe jirgin ranar da kariyar kanta ta gaza. Bel ya ɗaure jirgi da kariya. Idan noti ya tsinke, su biyun za su tafi tare. Igiya daga hancin jirgin zuwa ƙugiyar jan mota ta gaba, wata daga wutsiya zuwa ƙarfen baya, ta ɗaure shi da motar kanta. A ja ta daidai ta miƙe, kada a matse har jirgin ya lanƙwashe, kuma a naɗe ragowar sosai. Igiyar da ta saki ta shiga ƙarƙashin taya tana iya fizgo hancin jirgin ƙasa da ƙarfin da zai karya shi.

Bel ɗina na wani irin kuka idan na ɗan yi gudu.

Murɗa shi sau ɗaya ko biyu a wurin da yake a sarari, kukan zai ɗauke. Idan sandar ce ke busa, ka naɗe ta da igiya a karkace, ka duba ko akwai ramin da ba a toshe ba.

Doka ta ce wani abu game da abin da ya leƙo baya?

Kowace ƙasa da nata. A yawancin jihohin Amurka, kayan da suka zarce bayan mota da ƙafa 4 sai an ɗaura musu jan ƙyalle da rana, jar fitila da dare. A Ostireliya iyakar mita 1.2 ce, ƙyallen kuma santimita 30 kowane gefe. A Jamus ana sa alama idan ya wuce mita 1. A Najeriya jami'an kiyaye haɗurra na tsayar da mota kan kayan da ba a ɗaure da kyau ba ko suka leƙo fiye da kima, kuma jan tsumman da masu ɗaukar rodi ke ɗaurawa kowa ya san ma'anarsa. Ni dai ko tafin hannu biyu ya leƙo ina ɗaurawa, domin wutsiyar kayak a kan kariya tana daidai fuskar direban bas da ke bayanka, siririya ce kuma, ba a ganin ta da wuri. Kada jirgi ko igiya su rufe lamba ko fitilun baya.

Ni kaɗai ne. Yaya zan ɗaga shi har can sama?

Kada ka ɗaga shi duka. Ka ajiye wutsiyar a ƙasa a kan tsohon buhu, ka ɗaga hancin ka jingina a sandar baya, sannan ka koma ka ɗauki wutsiyar ka tura. Rabin nauyin kawai kake ɗauka a kowane mataki. Idan kana so ka ƙara wa kanka sauƙi, ka sa mai walda ya ƙara wata siririyar sanda a bayan ta baya, a zura mata fayif ɗin roba mai ɗan faɗi ya riƙa juyawa. A nan fayif ɗin ruwa ya samu aikin da ya dace da shi. Juya jirgin ya kife sai ka hau bodi, ka yi shi a tsaye a can.

Zan iya ɗora kwale-kwalen katako irin na masunta a kai?

Wannan kariyar ba tasa ba ce. Kwale-kwalen da aka sassaƙa daga gungume, ko aka haɗa da faffaɗan katako, ya ninka kayak nauyi sau da yawa, balle in ya sha ruwa. Tsawonsa ma wani abu ne. Wanda aka gano a Dufuna ta Jihar Yobe a 1987, mai shekara wajen 8,000, ya haura mita 8, kuma wasu na kan Neja da Tafkin Cadi a yau ba su gaza shi ba. Irin wannan nauyi a sama da rufi na sa mota ta yi saurin kifewa a kwana. Ƙaramin kwale-kwale na faiba ko na alminiyam zai iya hawa idan ka auna shi ka ga bai wuce lissafinka ba. Na katako sai tirela ko babbar mota.

Na gama. Yaya zan gwada ta?

Da farko babu jirgi. Ka kama saman ginshiƙi ka ja gaba, baya, hagu, dama da iya ƙarfinka, wani yana kallon ƙafafun. Duk inda ya ga ɗan motsi tsakanin ƙarfe da bodi, a gyara. Sannan ka ɗora jirgin, ka nemi fili ko titin da ba kowa, ka taka burki da ƙarfi daga kilomita 30, ka sauka ka duba, ka sake daga 50. Ka ja layi da alli a jikin jirgin daidai sanda, don ka ga ko ya zame.

A tafiyar farko ka tsaya bayan kamar minti goma sha biyar ka sake jan bel. Sabon bel na saki, soso na lotsawa, jiƙaƙƙen bel kuma ya fi saki. Ka ajiye sifana a mota ka bi notoci bayan tafiya biyu ko uku na farko. Daga nan abin dubawa shi ne gindin walda: siririn layin tsatsa a bakin gaɓa alama ce fenti ya tsage, kuma fenti ba ya tsagewa a wurin sai ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya fara.